Makullin Da Kika Bar Wa Mama Ladi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Binta, a makwancinta.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da durƙuso har ƙasa kamar yadda kika hore mu, ina fatan wannan ta iske ki cikin rahamar Ubangiji. Idan kin tambaye mu, ni da autanki Sani muna nan lafiya, gwargwadon lafiyar da mutum ke samu a Jos a wannan zamani.

Na san ba ki yi boko ba, kuma da kina nan da kin ture takardar kin ce, "Zulai, faɗa mini da baki." To bakin ne ya gaza, Inna. Tun ranar Asabar maganar take cina, wanda zan yi ta da shi kuma ya ɗinke bakinsa. Na san idanun da ba naki ba za su karanta wannan, ban kuwa damu ba, don a garin nan da wuya a sami wanda bai bar gida ba ko ba a bar masa gida ba. Maganar gidanki ce na zo miki da ita.

Kin san aikina, koyar da Turanci a makarantar 'ya'yan manya da ke hanyar Rayfield. Ke ce kike yi mini tsiya wai na sayar da harshena na sayo na Bature. To a makon da ya wuce darasin manyan ɗalibaina ya faɗo kan kalmomin da Bature ke amfani da su idan abu ya koma hannun mutum. Inna, mutanen nan sun yi tanadin kalmomi kamar sun san karɓar kayan mutane ce sana'arsu. In ka saya da kuɗinka, ka yi acquire. In ka gada, inherit. In ka fizge, seize. In hukuma ce ta fizge, sai a sa wa abin babbar riga a ce confiscate. In ka shiga ka baje kayanka, occupy. In ka ture mai wuri ka haye, take over, irin wadda muke ji daga bakin sojoji a rediyo muna yara. In naka ne ya suɓuce ka je ka karɓo, reclaim. Na jera su a allo yara suna kwafa suna hamma, ni kuwa kowace na rubuta ƙofar gidanmu nake gani.

Gidan da Kaka ya gina da kuɗin haƙar kuza nake nufi, wanda kika shiga kina amarya, kika haife mu a ciki, aka fitar da gawar Baba ta zaurensa. Gida ne mara takarda. Goro aka raba, dattawa suka shaida, shi ke nan. A zauren Baba ya yi ɗinkinsa har idonsa ya gaza, a tsakar gidan kuma kika dasa bishiyar fiyar da kike ƙirga 'ya'yanta kamar jikokinki.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Mama Ladi. Ita mutumiyar Vom ce, mai sayar da dankali da acca, kuma ban san ranar da kuka fara ƙawance ba, na dai tashi na gan ku haka. Da Sallah ke kike aika mata waina da miyar taushe. Da Kirsimeti ita take riƙo kajinta ta kawo wa Baba ya yanka mata, don kada mu ce ba za mu ci ba. Ɗanta Gyang sa'an Sani ne. Tare suke gudu zuwa wanka a ramukan kuza, tare kuke zane su, ke da bulalarki ita da tata, ba mai tambayar ɗan wa take duka.

Ranar da garin ya kama da wuta karon farko, a ƙuryar ɗakinta muka ɓuya. Ta zauna a bakin ƙofa tana tsince acca, duk wanda ya leƙo sai ta ce mun gudu tun safe. Da motar sojoji ta zo kwasar mutane, har kin sa ƙafa sai kika dawo, kika kwance makulli daga haɓar zaninki kika danƙa mata. "Ladi, ga amana," shi ne duk abin da kika faɗa. Ita kuma ta ce, "Allah ya kai ku, Binta." Muka tafi da kayan jikinmu muna cewa mako guda ne, ko biyu.

Ashe mun fita kenan. Garin ya rabu biyu, kowa ya koma inda sunansa ba zai kashe shi ba. Muka kama ɗaki biyu a cikin gari, gidan haya mai layin banɗaki da safe, ke da kika saba da rijiyarki da murhunki. Ba ki taɓa yin ƙorafi ba, sai dai duk damina ki ce, "Yanzu fiya ta nuna." A ɗakin hayar nan kika cika, fuskarki tana kallon bangon da ba naki ba, kuma wannan har gobe yana yi mini ciwo.

Mama Ladi ta zo ta'aziyyarki. Sai da aka je aka tarbo ta a bakin titi, ta yafa mayafi ta shigo unguwar da ko ɗan'uwanta ba zai shiga ba. Ta yi kuka har ta fi mu. Amma ba ta zo da makulli ba, ba ta kuma yi zancensa ba. Ni ban kawo komai a raina ba. Sani kuwa ya ƙulla abin a zuciyarsa.

Autan naki yana nan yadda kika bar shi, zuciya a kusa. Acaɓa yake yi, yawanci dakon nama daga mayankar Abattoir zuwa gidajen abinci. Kwanan baya wani abokin sana'arsa ya sauke fasinja a bakin tsohuwar unguwarmu, ya hango gidan, ya zo da labari. Wai an yi masa shuɗin fenti. Wai an fasa zauren Baba an mai da shi shago. Wai an zana ƙaton gicciye a ƙyauren ƙofa. Gyang ne a ciki da matarsa da ɗansa. Sannan aka ƙara da wadda ta fi zafi, wai an ji shi a wurin shaƙatawa yana bugun ƙirji yana cewa, "I don take over." Sani ya shigo gida ranar idonsa jajir, ya ajiye mini kalmar a gabana ya ce in fassara masa tunda ni ce malama. Ban fassara ba, don ya riga ya san ma'anarta.

Na ce masa ya tuna abin da ake yi wa gidan da aka kulle aka bari. Kwano ake fara cirewa, sai tagogi, sai ƙyaure, daga nan awaki su gaji sauran. Duk gidan da ya tsira a wancan gefen, wani ne ya shiga ya hura wuta a ciki, haka ma gidajensu da ke wannan gefen namu. Kowa a Jos ya san haka. Sani ya ce riƙo daban, fenti daban, wanda ke shirin mayar da kaya ba ya yi musu ado.

Don in sami abin da zan kwantar masa da hankali, na tari mahaifin wata ɗalibata, lauya ne, ya zo ɗaukarta. Na tsaya a jikin motarsa na yi masa bayani. Ya sauke gilashi rabi ya ce, "Malama, gida babu takarda, wani kuma a ciki. Shi ke da possession, tunda gidan a hannunsa yake." Sannan ya sassauta murya ya ce yana da wani oga da ke acquire irin waɗannan gidaje, na wannan gefe da na wancan, kuma shi ya san yadda zai fitar da mutum. Kuɗin da ya ce za a ba mu ko ɗakin awaki ba za su gina ba. Ashe akwai masu kiwon rikici kamar yadda ake kiwon kaji, Inna. Na yi masa godiya, na koma ofishin malamai raina a ɓace.

Kuskurena na gaya wa Sani abin da lauyan ya ce. Yana ji ya miƙe. Ya ce ranar Asabar bayan la'asar zai je ya karɓo makullin ubansa, kuma ba shi kaɗai zai je ba, abokansa na Abattoir za su raka shi. Kin san su, samarin mahauta, wuƙa ce kayan aikinsu, ko shayi za su sha tana ƙugunsu. A garin nan faɗan mai shayi da mai biredi ma yana iya komawa na addini kafin ruwan ya huce, balle ayarin babura ya shiga waccan unguwa ido na ganin ido. Na ce masa bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da ke. Ya ce, "Yaya, ke riƙe Turancinki. Ni gidan ubana zan karɓo." Na dube shi sai na ga gawa, Allah ya sani gawa na gani, kuma ba tasa kaɗai ba.

Sai na yanke shawarar in riga shi. Na ce in na je da rana na roƙi Mama Ladi ta ba ni makullin, na kawo masa ya riƙe a hannu, wataƙila wutar ta mutu. Da azahar ɗin Asabar na yi salla na fita, yayyafi yana sauka. A mararrabar da motocinmu ke juyawa na sauka, na shiga bayan wani shago, na cire hijabina na ninke na tura a jaka, na ɗaura ɗankwali irin ɗaurinsu. Haka ake yi yanzu, su ma matansu in za su shigo kasuwarmu mayafi suke yafawa. Amma na ji kunya, Inna. Na ji kamar kina tsaye kina kallona, ina shiga unguwar da aka binne cibiyata a ciki kamar ɓarauniya.

Samari suna zaune a kan dakalin da Baba ke shan iska. Babu wanda na sani a cikinsu. Ɗaya ya miƙe ya tare ni ya tambayi inda za ni. Na buɗe baki na zuba masa Turanci irin na aji, na ce wurin Mama Ladi na zo. Ya ce, "Sorry ma," ya kauce. Harshen da kike mini tsiya da shi, shi ya wuce da ni har na kai ƙofar.

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne. Ga shuɗin fentin, ga gicciyen, ga shago a zauren Baba ana sayar da sabulu da katin waya. Na yi sallama na shiga. Igiyar shanya a inda take, amma kayan wasu ne a kai. Ɗakinki a buɗe, da labulen da ban sani ba. Sai na nemi fiyarki na rasa. Kututture kawai na gani, an kifa turmi a kansa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, kuma a wannan lokacin da Sani yana kusa da ban hana shi komai ba.

Gyang ya fito daga shago. Ya zama magidanci, har da tumbi. Ya gaishe ni da ladabi, amma bai ce in zauna ba. Da na faɗi abin da ya kawo ni, fuskarsa ta sauya. "Anti Zulai, make I tell you true," in ji shi. "Ranar da suka zo cire kwano, ina Sani? Ni na kwanta a zauren nan." Ya naɗe hannun riga ya nuna mini tabon sara tun daga gwiwar hannu har wuyansa. Ya ce in je in dubi gidan Alhaji mai gawayi, ciyawa ce a ciki har ƙugu. Ya ce ba don gicciyen da ya zana ba, da toka zan zo in tarar. Bishiyar kuma iska ce ta kayar da reshenta a kan rufi, shi ya sare ta, shi ya sake kwanon da guminsa. "A ɗakin can aka haifi yaro na," ya ce yana nuna ɗakinki. "I no dey go anywhere."

Na so ƙwarai a ce ƙarya yake yi. Da ɓarawo ne tsantsa da abin ya zo mini da sauƙi. Amma rabin maganarsa gaskiya ce, sauran rabin kuma kwaɗayi, na kasa raba su. Ina nan tsaye sai ga Mama Ladi ta shigo tana dogara sanda. Ta tsufa, Inna, ta rankwafa, ido ɗaya ya yi fari. Ta kamo fuskata da hannu biyu ta ce, "Zulai, kai ne?" da Hausar nan tata da ba ta taɓa raba mace da namiji ba. Sannan ta shafa ɗankwalin kaina, ta gane abin da na yi, ta girgiza kai.

Ban kai ga buɗe baki ba muka ji rurin babura. Ashe maƙwabciyarmu ta ga fitata ta gaya wa Sani, shi kuma bai jira la'asar ba. Na fita da gudu na tarar da su a ƙofar gida, shi a gaba, abokansa a baya, babu wanda ya kashe injinsa. Kafin ka ce kwabo unguwa ta ɗauka. Masu shaguna suna jan ƙofofi, mata suna kwashe yara, samarin dakali sun taso sun zama taro, kowa hannunsa a baya. Na ga wani yana cika aljihu da duwatsu. Na ga hannun wani abokin Sani ya tafi ƙugunsa ya tsaya a can. Wani ya fara busa usur daga nesa, irin kiran da ke tara unguwa. Sani ya sauko ya ce, "Gyang, fito ka ba ni makullin ubana."

Gyang ya fito ya tsaya a bakin zaure ya harɗe hannu. Mutum biyun da suka sha bulala ɗaya suna kallon juna kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Sai Mama Ladi ta ratsa ta tsakaninsu da sandarta, a hankali, kamar mai zuwa ɗebo ruwa. Ta miƙa wa ɗanta hannu ta ce ya kawo makulli. Ya fara magana da yarensu, da sauri, da zafi. Ba ta amsa masa da yaren ba. Da Hausa ta amsa, da ƙarfi, don kowa ya ji. "Ni aka ba amana, ba kai ba. Ni na sa ka a ciki. Ko ka kawo, ko ka nemi wani uwa." Ta sa hannu ta kwance ɗankwalinta ta yar a ƙasa, furfurarta a waje cikin yayyafi. Har mai usur ya daina busawa. Gyang ya daɗe yana kallon ɗankwalin nan, sannan ya laluba aljihu.

Ta karɓa ta juyo ga Sani. Ta kamo hannunsa ta buɗe tafin, ta sa makullin ta rufe masa yatsu a kai. "Ga gidan ku," in ji ta. "Uwar ka ya ba ni, na ba ka. Yau Gyang zai kwashe kaya, ni zan tsaya a kai. Amma ka kwana a ciki, Sani. Ka kawo mata, ka hura wuta. In ka kulle ka tafi, kafin Lahadi biyu ko ƙusa ba za ka samu ba, ni kuma na tsufa, ba zan iya tare su ba." Ba gatse take yi ba, Inna. Da gaske take, har tana jijjiga hannunsa kamar mai roƙo.

Na zuba wa Sani ido. Abin da ya zo nema yana hannunsa, ba a zubar da jinin kowa ba. Ya dubi makullin. Ya ɗaga kai ya dubi layin, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, gida bayan gida. Gidan mai gawayi kango. Gidan liman an mai da shi wurin sayar da katako. Ƙaramin masallacin da Baba ke limanci in liman ba ya nan, tabarmar siminti kawai ta rage. Sannan ya dubi fuskokin da suka kewaye mu, babu ɗaya da ta san sunansa. Na ga lokacin da abin ya shige shi, kafaɗunsa suka sauka. Ya san ba zai iya kwana ɗaya a nan ba, ni ma na sani, Mama Ladi ma ta sani. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ya juya ya ce wa abokansa su koma mararraba su jira shi. Suka yi gardama, ya daka musu tsawa, suka juya babura suka tafi ana bin su da ido. Muka rage mu biyu. Ya dubi sama, don a can yanzu ba a jin kiran salla, ya ce la'asar ta yi, a ba shi ruwa. Muka shiga ciki, babu buta a gidan. Matar Gyang ta kawo ruwa a kofin roba. Ya tsuguna a bakin rijiyarki ya yi alwala, ya ba ni sauran. Ya cire rigarsa ta sama ya shimfiɗa a tsakar gida, daidai inda Baba ke shimfiɗa buzunsa, bai ko tambayi alƙibla ba. Na zaro hijabina na saka na tsaya a bayansa.

Ya ta da kabbara kenan hayaniya ta tashi a waje. An ga mun shiga, an ga abin da muke yi, wasu kuma ba su so ba. Na ji takun ƙafafu sun nufo zaure. Na ji dutse ya daki kwano. Wallahi ban san abin da na karanta a raka'ar farko ba, bayana duk ya sandare yana jiran abin da zai sauka a kansa. Sai na ji muryar Gyang. A bakin ƙofa yake, ya ba mu baya, yana ihu da yarensu, yana ihu da Turancin kasuwa. "Nobody go pass here! Sai dai ku bi ta kaina!" Mutumin da aka ƙwace wa makulli a gaban jama'a ɗazun nan, shi ne ya cika ƙofar da jikinsa. Muryar Sani ta karye a Fatiha, amma bai yi sauri ba. Ya yi ruku'unsa da sujadarsa cikakku, kamar ba abin da ke faruwa.

Da muka sallame ya daɗe a zaune, tafinsa a kan ƙasar gidan. Sannan ya tashi ya kaɗe rigarsa ya nufi zaure. Gyang yana nan tsaye yana haki, gefen goshinsa yana jini. Sani ya miƙa masa makullin. Bai yi murmushi ba, bai kuma rungume shi ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri. Ya ce, "Ba kyauta ba ce. Riƙo ne." Gyang ya karɓa yana kallon gefe ya ce, "Na ji." Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu kenan, a gaban tsohuwa da ni da duk wanda ke da kunne a layin.

Mama Ladi ce ta raka mu, tana riƙe da hannuna, Sani yana tura babur ɗinsa a gefe. Taron ya dare mata. A mararraba ta tsaya ta ce ƙafarta ba ta wuce nan. Ta ce in gaishe ki, sai ta tuna, ta rufe bakinta da hannu.

Tun ranar Sani bai ce mini uffan a kan maganar ba. Yana fita aikinsa, yana dawowa, yana cin abinci kaɗan. Amma yana dawowa, Inna, da ƙafafunsa, kuma kullum na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofa sai na yi hamdala. Ban san ko Gyang zai riƙe alkawari ranar da tsohuwar ta bi ki ba. Ban san ko ɗansa zai tashi ya san gidan yana da wasu masu shi ba. Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Innata, ki yafe mana. Kin tafi kina sa ran za mu koma, mun kuwa koma, an danƙa mana gidanki a hannu ba musu. Mun zauna a cikinsa tsawon raka'a huɗu, sannan muka mayar muka fito.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Baba a gidan da ba a korar kowa. Allah ya ƙara wa Mama Ladi kwana da lafiya, ya saka mata da abin da ya fi alheri. Allah ya sanyaya zuciyar Sani, ya tsare Gyang daga sharrin zuciyarsa da na maƙwabtansa. Allah ya zaunar da garin nan lafiya, ya nuna mana ranar da mutum zai kwana inda aka haife shi, in kuma ba mu da rabon gani, ya nuna wa 'ya'yanmu. Amin.

Taki har kullum, mai kewarki safe da yamma,
Zulai.